Dagin da Baba Ya Zana wa Honarabul

Ranar da ya fara zuwa gidanmu, a bakin Ƙofar Kuyambana ya bar motarsa, don lungunmu ko mai babur sai ya karkata kafin ya shige. Ya tako da ƙafa shi kaɗai, ba ɗan sanda, ba 'yan rakiya, ya cire takalmi tun bai iso dakali ba. Wannan kaɗai ya isa ya sa na tsargu. Na yi shekara ashirin da 'yan kai ina buga takardu a ofishin gwamnati kafin in ajiye aiki, na ga manya iri-iri. Wanda ya zo da jiniya ba ya ba ni tsoro, tafi kawai yake nema. Mai zuwa a hankali yana sunkuyar da kai, shi nake sa wa ido. Marigayi maigidana yakan ce ko liman ne ya yi mini sallama sai na tambayi abin da ya kawo shi.

Ɗan majalisar jiha ne mai wakiltar yankinmu. Ya ɓata da jam'iyyar da ta kai shi, ya kuma ƙi shiga wata, sai mutane suka riƙa ce masa mai zaman kansa. Wasu na cewa mutumin kirki ne da ya ƙi a juya shi. Wasu na cewa rabo aka yi ba a sa da shi ba, ya yi fushi. Ni ina cikin na biyun, alhali ko fuskarsa ban taɓa gani ba sai a fasta.

Wurin mahaifina ya zo. Baba mai zanen riga ne, kuma ba ya ɗinki, ko maɓalli bai taɓa sa wa rigarsa ba. Aikinsa shi ne a kawo masa shadda an riga an yanka, ya shimfiɗa ta a kan allon katako a zaure, ya tsoma alƙalamin kara a tawada, ya fitar da wuya da aljihu da askoki da tambari, duk daga ka, ba takarda ba ma'auni. Daga nan sai a kai wa masu ɗinki, yawancinsu matan cikin gida, su bi tawadar da allura har zare ya rufe ta. Ni ma ina cikinsu tun ina budurwa, ko lokacin da nake aikin ofis ban yar da allura ba. Amma bin layi daban, fitar da shi daban. Na ɗinka zanen Baba ba adadi, in ka ba ni alƙalami ko aska ɗaya ba zan fitar miƙaƙƙiya ba.

A cikin zanensa akwai wanda ya gada daga mahaifinsa, wani babban dagi da ke cika bayan riga tun daga kafaɗa har ƙugu. Dagi kowa ya san shi, layi ne da ke sarƙe da kansa, ya hau nan ya shiga ƙarƙashi can. Abin da ya bambanta na Baba shi ne, duk girmansa layi ɗaya ne tak. In ka ɗora yatsa a ko'ina ka bi shi, sai ka ratsa kowace kusurwa kafin ka dawo inda ka tashi. Ɗinkinsa na cin kusan shekara, don haka mutane suka daina nema. Rabon Baba da ya zana shi tun ina amarya, ya yi wa wani tsohon malami a unguwarmu, kuma da malamin ya rasu aka raba gado, rigar ta bi wani jikansa zuwa inda ba mu sani ba. Ƙannena maza boko ya ɗauke su, ba wanda ya zauna ya koya. Dagin nan a kan Baba kaɗai yake, Baba kuwa ya haura saba'in.

Shi Honarabul ya zo nema. Na kawo ruwa zaure, na ƙi komawa ciki, na sami gefe na zauna.

Ya ce zai gabatar da ƙudirin doka a kan sana'o'in hannu. A rubuta sunayen gwanayen kowace sana'a, marina da dukawa da magina da masu ɗinki, a buɗe musu wurin koyarwa a cikin birni, gwamnati kuma in za ta yi wa baƙo kyauta ta riƙa sayen aikin hannu. Yana so Baba ya zana masa dagin a takarda, ya nuna wa 'yan majalisa irin abin da ake shirin rasawa, daga baya a ajiye shi a wurin koyarwar.

Baba ya ce, "Ai ba a taɓa sa shi a takarda ba."

"Shi ya sa na zo, Baba."

Na ce, "Honarabul, in an sa a takarda, wa zai riƙe takardar?"

"Ni da kaina, Hajiya."

"Kai kuma wa zai riƙe ka?"

Ya yi dariya, Baba ya harare ni. Ni ban ga abin dariya ba.

Ina da dalilina. A 'yan shekarun nan injin ɗinki mai kwamfuta ya shigo mana. A ɗauki hoton riga da waya, a sa wa injin, kafin la'asar ya fitar da abin da mace za ta yi wata uku tana yi. An taɓa yin wani baƙo da ya zo da jaka a kafaɗa ya ce bincike yake yi, ya ɗauki hotunan rigunan da ke zaurenmu, ya sha fura, ya yi godiya. Damina ba ta wuce ba na ga askokin Baba a kasuwa, rataye reras a jikin riguna masu sheƙi, aikin inji. Matan lungunmu da yawa tun daga nan suka koma sayar da awara da ƙuli-ƙuli. Bayan haka kuma, da yamma wata maƙwabciyata ta leƙo ta katanga ta ce mini, ai surukin Honarabul ɗin nan yana da irin wannan injin har guda uku a Kaduna. Ban tambaye ta inda ta ji ba. Abin ya zauna mini daidai, na karɓa.

Baba kuwa mutumin ya kwanta masa. Ya ce yaron yana da ladabi, kuma ya kula da yadda ya riƙe rigar da aka miƙa masa, ya juya ta ya duba bayan ɗinkin, abin da sai wanda ya san aiki yake yi. Na ce ɓarawon akuya ma ya san akuya mai kyau. Muka kwana biyu muna ja. Da na ga ba zan hana shi ba, sai na kawo shawara.

Na ce, "Baba, ka zana masa, amma ba na gaskiyar ba. Ka cire wani abu a ciki yadda ido ba zai gane ba. In muka gan shi a kasuwa, mun san ta inda ya fita, kuma gurgu suka samu. In wata shida ya wuce ba mu gani ba, sai ka ba shi na ainihi."

Baba ya juyo ya dube ni. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba.

Ya ce, "Uwata, ni ban taɓa zana ƙarya ba."

"Ba ƙarya ba ce, gwaji ne. Ko gwal sai an gwada ake saye."

"Ke dai kin cika zargi."

Amma ya yi. Na sayo manyan takardu masu kauri a wajen masu sayar da littattafai, ya zauna bayan hantsi lokacin da haske ke shiga zaure sosai. Dabararsa ita ce ya tsallake lanƙwasa ɗaya a tsakiya ya rufe wurin sumul, sai dagin ya zama layi biyu da ke sarƙe da juna. Ido zai ga komai cif. Yatsa ne kawai zai tona, don zai dawo inda ya tashi alhali rabin zanen bai taɓa ba.

Abin ya ba shi wuya fiye da yadda na zata. Hannunsa ya saba da hanya ɗaya tun yana saurayi. Ya zana na farko, ya kai ƙarshe, ya duba, ya yi tsaki: hannun ya bi hanyar gaskiya bai sani ba. Ya sake, haka. Sai a na uku ya samu ya karkatar da shi, yana gumi, yana cije leɓe kamar mai ɗaga buhu. Na tattara biyun farko, na ce ba za a bar su suna yawo a zaure ba, kowa shigowa yake da waya a hannu. Na kai su madafa na cusa a murhu, ƙarƙashin tukunyar wake. Ina jin daɗin wayona ranar.

Honarabul ya dawo bayan kwana uku. Ya karɓi takardar da hannu biyu, ya daɗe yana kallo, ya ɗago ya dubi Baba, ya sake duban takardar. Ya naɗe ta a hankali. Ya yi alkawarin ba za a ɗauki hotonta ba sai da izinin Baba. Na ce a raina, za mu gani.

Daga nan na zama ɗan sandan ciki. Duk ranar da rediyo ke kawo rahoton zaman majalisa ina manne da ita, ina ɗinki ina saurare. Ranar da ya gabatar da ƙudirinsa na ji muryarsa. Ya yi magana a kan marinar da aka cike aka gina shaguna, da maginan da suka iya ɗaure ɗaki da azara amma yanzu bulo suke ɗauka, da mata masu ɗinki da idonsu ke ƙarewa a kan aikin da ba mai saye. Ya iya magana, ban hana shi wannan ba. Da kakaki ya nemi mai goyon baya sai wurin ya yi tsit, har na ɗauka batir ne ya mutu. Wanda ba shi da jam'iyya ba shi da mai tashi masa. Can wani ya tashi ya goyi baya, yana cewa ya yi ne don kada ɗan'uwansu ya tsufa a tsaye, aka fashe da dariya. Na ji haushin dariyar, sai kuma na ji haushin kaina da na ji haushi. Na ce wa Baba duk shiri ne, su ma sun san wasan da suke yi.

Kasuwa kuwa na mayar da ita ofis. Duk mako sai na shiga layin masu riguna, in sa a sauko mini da masu zane a baya, in shimfiɗa, in ɗora yatsa ina bi. Da fari suna murna sun sami mai saye. Daga baya da sun hango ni sai su fara naɗe kaya. Wani ya ce, "Hajiya, in duba kike yi wa rigunan nan, ki gaya mana wacce za ta yi kasuwa." Na ce masa ya ji da shagonsa. Har Kaduna na aika a duba mini, na ba matar ƙanena kwatance, ta zaga ta gaji ta ce ita ba ta ga komai ba. Na ce ba ta iya dubawa ba ne.

Da aka zo zaman jin ra'ayin jama'a, Honarabul ya aiko da mota aka kwashi masu sana'a daga birni zuwa Kaduna. Baba ya ce ba zai iya zaman mota ba, na tafi a madadinsa. An jera teburori a wani babban ɗaki: ga baƙin rini yana ƙyalli, ga jakunkuna da burgame na dukawa, ga hotunan zanen bango, ga huluna. Na bi tebur ɗaya bayan ɗaya. Zanen Baba babu shi. Honarabul ya yi jawabi ya ambaci wani dattijo a Ƙofar Kuyambana mai zanen da babu irinsa, ya ce in ba a yi wani abu ba zai tafi da shi, amma takardar bai ɗaga ba. Na tare shi a bakin ƙofa.

"Honarabul, ina takardar Baba?"

"Tana nan a ajiye, Hajiya."

"Ba don yau ka karɓa ba?"

Ya sosa ƙeya, ya ce ya ga kamar lokaci bai yi ba, akwai masu ɗaukar hoto da yawa a wurin. Wani ya ja shi, ya tafi. Muka kamo hanyar dawowa. Na gama yanke hukunci: takarda tana wajen suruki, ana can ana koya wa inji.

Wata shida ya cika. Baba ne ya tuna, ba ni ba.

"Uwata, kin ga dagin nan a kasuwa?"

"Ban gani ba tukuna."

"To kawo takarda in zana wa yaron nan na gaskiya. Abin yana damuna. Kullum in na tuna sai in ji kamar na sayar wa mutum hatsi da tsakuwa."

Na ce ya dakata. Na ba shi labarin zaman Kaduna, na ƙara gishiri. Na ce masu inji ba wawaye ba ne, suna jiran kasuwar Sallah. Sallah ta zo ta wuce, ba dagi. Ya sake tambaya, na ce a bari a ga yadda ƙudirin zai ƙare, don an ce an miƙa shi ga kwamiti. Ya ce ko ba don Honarabul ba, bari ya zana a ajiye a gida. Na ce abin da ke gida ai shi ake sata. Takardun suna ɗakina a saman sif, shi kuma ba ya hawa. Ya ci gaba da fiƙe alƙalaminsa.

Wata safiya yana alwala buta ta suɓuce masa. Na ji ƙararta daga tsakar gida, na fito na same shi a jingine da bango, bakinsa ya karkace. A asibiti suka ce shanyewar ɓarin jiki ce, ɓangaren dama. Aka sallamo mu bayan mako biyu da hannu a lanƙwashe a ƙirji kamar na jariri.

Da ya fara samun magana, kalmar da na fara ganewa ita ce takarda. Na sauko da su da gudu. Na sa masa alƙalami a hagu, ya ɗora, layin ya tafi yana rawa, tawada ta ɗige, bai kai faɗin tafin hannu ba alƙalamin ya faɗi. Sai muka juya: ni in riƙe alƙalami, shi ya faɗa. Yana cewa hau, shiga ƙasa, koma, harshensa na nauyi, ni ina ja. Wani lokaci ya ce koma alhali hau yake nufi, ya gane ya yi kuskure, ya bugi tabarma da hannun hagu. Abin da hannunsa ya sani bakinsa bai taɓa faɗa ba, ko lokacin da yake da lafiya. Muka yi makonni muna wannan kowace hantsi. Na ɓata takardu sun fi ashirin. Layina bai taɓa komawa inda ya tashi ba, sai ya ɓace a tsakiya ko ya ci karo da kansa.

Ran nan ya ture allon da ƙafa ya ce, "Bar shi, Uwata."

Bai taɓa ce mini ke kika ja ba. Da ya faɗa da na sami abin yin musu, don ni gwanar musu ce. Bai faɗa ba, ya bar ni da shi.

Honarabul ya zo dubiya sau ɗaya. Zaɓe ya matso, na ce kamfe ne, har na leƙa waje in ga mai ɗaukar hoto. Ba kowa. Ya zauna a ƙasa ya riƙe hannun Baba mai ciwon yana murzawa. Baba ya juyo da ido ya dube ni, na san abin da yake so in faɗa. Na tashi na ce bari in duba tukunya.

Baba ya rasu kafin damina ta sauka. Ƙudirin kuwa yana wajen kwamiti har wa'adin majalisar ya ƙare. Honarabul, da yake ba shi da jam'iyyar da za ta tsayar da shi, ko takara bai samu shiga ba. Wurin koyarwa ba a aza ko tubali ɗaya ba. Ya zo gaisuwa cikin jama'a, bai tsaya ba.

Bayan an yi arba'in ya dawo, da la'asar, da takardar a naɗe cikin leda. Ya rame, rigarsa ma ba guga. Muka zauna a zaure inda allon Baba ke jingine. Ya ajiye takardar a gabana.

"Amanar Baba ce, Hajiya. Tunda abin bai yiwu ba, gara ta dawo gida. Ba wanda ya ɗauki hotonta."

Na warware ta. Tawadar tana nan baƙa wuluk kamar jiya aka yi. Na ce, "Honarabul, ɗora yatsanka a nan ka bi layin."

Bai ɗora ba. Ya ce, "Na bi, Hajiya. Tun ranar, a cikin mota, kafin in tayar."

Na dube shi.

"Mahaifiyata da ɗinkin riga ta yi mana makaranta, a ƙauye ake kai mata aiki daga nan birni. Ina yaro ni nake zare mata allura. Ita ta fara ba ni labarin dagin Baba, ta ce layi ɗaya ne. Da na bi na ga biyu ne."

"Ka sani, ka yi shiru?"

"Me zan ce? Na ɗauka ido ne ya fara gazawa, ko hannu. Dattijo ya zauna ya yi mini aiki da ƙarfinsa, in dawo in ce masa ya yi kuskure? Shi ya sa ban ɗaga ta a Kaduna ba. Akwai tsofaffin masu ɗinki a ɗakin taron, wani zai sa yatsa, a fita da maganar cewa Malam ya tsufa ya rikice. Na ce gara a san shi da labari."

Wato duk watannin da nake sintiri a kasuwa ina bin riguna da yatsa, mutumin nan rufa wa Baba asiri yake yi a kan kuskuren da Baba bai yi ba. Kunya ta rufe ni. Amma halin mutum ba ya barinsa, ko a wannan lokacin sai da wani abu ya motsa a raina.

Na ce, "An ce surukinka yana da inji."

"Yana da su."

"Bai nema ba?"

"Ya nema. Sau biyu."

"Me ka ce masa?"

"Na ce masa zanen ya lalace, ba zai yi masa amfani ba."

Har yau ina juya amsar nan. Wata rana in ce dabara ce ta korar suruki ba tare da an ɓata ba. Wata rana in ce gaskiyarsa ya faɗa, da zanen lafiyayye ne da tuni yana rataye a kasuwa. Gwajin da na ƙona takardu biyu saboda shi, na hana tsoho alƙalaminsa saboda shi, bai gwada komai ba.

Ya fara haramar tashi. Na ga in na bar shi ya fita, zai tafi da Baba a ransa a matsayin tsohon da hannu ya kufce wa, kuma shi kaɗai ne babban mutumin da ya taɓa takowa lungun nan don zanen Baba.

Na ce, "Idon Baba ƙalau yake ranar. Hannunsa ma ƙalau. Sau biyu yana zana na gaskiya, ni na sa a wuta. Wannan ni na sa shi ya yi maka, don ban yarda da kai ba."

Ya tsaya da hannu ɗaya a bango. Ya dubi allon, ya dubi takardar.

"Na gaskiyar fa? Ya sake zanawa?"

"Ya nema. Na hana shi takarda."

Na so ya zage ni, ko ya ce wani abu irin na 'yan siyasa in sami abin rainawa. Ya sa takalminsa a bakin zaure, abin da bai taɓa yi ba, don da can sai ya yi nisa yake sawa.

Ya ce, "Allah ya jiƙan Malam."

Ban sake ganinsa ba.

Takardar na kai an sa mata gilashi, don matan lungu sun matsa suna so su ga dagin da ake faɗa. Tana rataye a zaure. Sukan tsaya a gabanta su ce kai, Malam ya iya, Allah ya ba shi hannu. Gilashin ya hana kowa taɓawa, ni kuma ban taɓa ce wa kowa ya bi da yatsa ba. In ba kowa nakan sauko da ita in bi ta kan gilashin, ko zan gane inda ya tsallake. Ya rufe wurin da kyau, yadda na roƙe shi ya yi.